Villers-Cotterêts, Garin Dokar Harshe da Jikan Baiwa



Jawabin yau a kan wani ƙaramin gari ne na ƙasar Faransa, sunansa Villers-Cotterêts, Faransawa kuwa suna faɗinsa kamar "Bile-Kotare". Yana arewa maso gabas da Faris, babban birnin ƙasar, tsakaninsu kamar mil 50, cikin lardin da a ke kira Aisne. Mutanensa dubu goma ne da 'yan kai, watau dai gari ne wanda matafiyi mai sauri zai ratsa bai tambayi sunansa ba. Amma abu biyu sun faru a cikinsa waɗanda suka shafi duk wanda ya taɓa riƙe takardar Faransanci, ko a Faris ya ke, ko a Yamai, ko a Damagaram. Na fari, a nan ne wani sarki ya sa hannu a kan dokar da ta mai da Faransanci harshen shari'a da na mulki, cikin 1539. Na biyu, a nan ne aka haifi Alexandre Dumas cikin 1802, marubucin da ya kai harshen nan gidajen da dokar sarki ba ta taɓa shiga ba, alhali kuwa kakarsa baƙar mace ce, baiwa.

Kurmi da Gidan Sarki

Asalin darajar garin nan kurmi ne. Wani babban kurmi mai suna Retz ya kusa kewaye shi, faɗinsa ya kai kamar eka 32,000, cike da dogayen itatuwa da barewa da aladen daji. Sarakunan Faransa na dā mutane ne masu son farauta ƙwarai, saboda haka tun da daɗewa su kan sauka a nan su yi kwanaki, su da fadawansu da karnukansu.

Wanda ya fi su duka son wurin shi ne Sarki Faransuwa na Ɗaya, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1515, ya rasu cikin 1547. Wajen 1532 ya sa aka soma gina masa wani ƙasaitaccen gida a bakin kurmin, bisa salon ginin da Faransawa suka gano a Italiya a zamanin nan. Har yanzu wanda ya shiga zai ga tambarin sarkin an sassaƙa shi a jikin dutse, wata halitta ce mai kama da ƙadangare, tana zaune cikin wuta. A zamanin nan sarkin Faransa ba ya zama wuri guda. Inda ya sauka nan ne fada, nan waziri da magatakarda za su shimfiɗa takardunsu. Dalili ke nan da ya sa doka mai girma irin wannan ta fito daga masaukin farauta.

Dokar 1539

Kafin dokar nan, yawancin takardun shari'a da harshen Latin a ke rubuta su, watau harshen Rumawa na dā, wanda ya daɗe da barin bakin mutane, sai malaman coci da masanan shari'a kaɗai ke karanta shi. Manomi zai kai ƙara a kan gona ko gado, a yanke hukunci, a miƙa masa takarda, ya fito bai san abin da ke cikinta ba sai ya nemi mai fassara. Su kansu masanan su kan yi gardama a kan ma'anar kalma guda, har a sāke komawa gaban alƙali don a bayyana abin da alƙali ya riga ya faɗa. Waɗansu sarakunan baya sun fara rage wannan, amma ba su gama ba.

A watan Agusta na 1539 Sarki Faransuwa ya sa hannu a kan dokar, wadda wazirinsa Guillaume Poyet ya tsara. Sassanta 192 ne. Sashe na 110 ya umarta a riƙa rubuta hukunci a fili, yadda ba za a sami shakka ko harshen damo a cikinsa ba. Sashe na 111 ya ce daga ranar nan, hukunci da wasiyya da takardun ciniki da sauran takardun shari'a duka, da Faransanci za a rubuta su, ban da wani harshe. Waɗannan sassa biyu har yau ba a soke su ba, alƙalan Faransa suna kafa hujja da su, su ne kuwa mafi tsufa cikin dokokin ƙasar da a ke aiki da su.

Dokar ba ta tsaya ga harshe kaɗai ba. Ta umarci limaman coci su riƙa ajiye littafin da za a rubuta ranar da aka yi wa kowane jariri baftisma, don a san shekarun mutum in gardama ta tashi. Wannan ne tushen littafin haihuwa da mutuwa a Faransa. Akwai kuma sassa masu tsanani, gama ta hana wanda a ke tuhuma da babban laifi samun lauyan da zai tsaya masa. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Cikin 1542 aka kama waziri Poyet kansa, aka yi masa shari'a bisa tsarin nan da ya kafa, aka tuɓe shi, aka ci shi tara mai yawa cikin 1545.

Abin da Doka ba ta Iya ba

To, kada mai sauraro ya zaci da aka sa hannu sai Faransawa duka suka wayi gari suna Faransanci. A lokacin nan harshen Faris da kewayenta ne kurum. Mutanen kudu suna da nasu, a ke ce masa Oksitan, mutanen yamma a bakin teku suna da Bireton, na kan iyakar Sifen suna da Bask, ga waɗansu kuma da dama. Ga manomin kudu, takardar Faransanci da ta Latin duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Bayan shekara 255, watau cikin 1794, wani malami ɗan majalisa mai suna Grégoire ya bincika, ya kawo wa majalisar ƙasa rahoto cewa masu iya Faransanci sosai ba su wuce miliyan 3 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25.

Abin da ya cika aikin daga baya shi ne makaranta, da aikin soja, da jarida, da littafi. Cikin 1881 da 1882 aka mai da ilmin firamare kyauta kuma tilas, da Faransanci a ke koyarwa. An kuwa yi amfani da horo, gama a makarantu da yawa yaron da aka ji yana harshen gidansu sai a rataya masa wata alama ta kunya a wuya, ba za a cire ba sai ya kama wani. Harshen da aka ɗaukaka don talaka ya fahimci hukunci, shi ne ya zo ya danne harsunan waɗansu talakawan. Duk mai ba da tarihin dokar nan da gaskiya dole ya faɗi wannan gefen tare da wancan.

Janar Dumas, Ɗan Baiwa

Yanzu sai labarin mutanen garin, shi kuwa ya soma ne daga can ƙetaren teku. A tsibirin da Faransawa ke kira Saint-Domingue, wanda yanzu a ke ce wa Haiti, inda suka tara bayi daga Afirka suna noma musu rake da kofi, aka haifi wani yaro ran 25 ga Maris 1762, aka sa masa suna Thomas-Alexandre. Ubansa Bafaranshe ne ɗan sarauta, Davy de la Pailleterie. Uwarsa baiwa ce, sunanta Marie-Cessette Dumas. Da uban ya tashi komawa Faransa don ya karɓi gādo, sai ya sayar da uwar da sauran 'ya'yan, shi kuwa wannan ɗan ya jinginar da shi ya sami kuɗin jirgi. Cikin 1776 ya fanshe shi, ya sa aka kawo shi Faransa, ya ba shi ilmi irin na 'ya'yan sarauta, har da sukuwa da wasan takobi.

Cikin 1786 saurayin ya shiga sojan doki a matsayin ƙaramin soja. Uban bai yarda a ga sunan gidansu a jerin ƙananan sojoji ba, sai ɗan ya ɗauki sunan uwarsa, ya zama Dumas. Sunan baiwar nan shi ne duniya ta sani yau, na ɗan sarautar kuwa sai masu binciken tarihi.

A watan Agusta na 1789, sa'ad da babban juyin mulkin Faransa ya tashi, hankalin ƙauyuka ya ɗugunzuma, aka aiko da waɗansu sojan doki su tsare Villers-Cotterêts, Dumas yana cikinsu. Aka saukar da shi a masaukin wani fatoma mai suna Labouret, ya ga 'yarsa Marie-Louise, ya nemi aurenta. Aka ɗaura aure a garin ran 28 ga Nuwamba 1792. Juyin mulkin ya buɗe ƙofar girma ga mai ƙwazo ko ɗan wane ne, saboda haka cikin 1793 Dumas ya zama janar, aka ba shi rundunar da ke tsaron duwatsun Alps, mutum fiye da 50,000. Cikin 1794 ya ƙwace mashigin duwatsun daga hannun abokan gaba cikin ƙanƙara. Cikin 1797 kuma ya tsaya a kan wata gada a ƙasar Tirol ya tare sojan Ostiriya har mutanensa suka iso.

Cikin 1798 ya bi Napoliyon zuwa Masar, shi ne shugaban sojan doki. A can suka saɓa, gama Dumas mutum ne mai faɗin abin da ke ransa, Napoliyon kuwa ba ya mantuwa. Cikin 1799 ya kama hanyar gida, jirginsa ya soma shan ruwa, ya raɓa a Taranto ta kudancin Italiya, wadda ke hannun abokan gaba. Aka tsare shi a kurkuku shekara biyu. Ya fito cikin 1801 jikinsa ya lalace, ya komo Villers-Cotterêts wurin matarsa. Ya tarar zamani ya juya: bautar da Faransa ta soke cikin 1794, Napoliyon ya mai da ita cikin 1802. Ba a sāke ba shi runduna ba, ba a biya shi haƙƙinsa na shekarun kurkuku ba. Ya rasu a garin ran 26 ga Fabrairu 1806, cikin talauci, ya bar ɗa namiji wanda bai cika shekara huɗu ba.

Alexandre Dumas

Ɗan nan shi ne Alexandre, an haife shi ran 24 ga Yuli 1802, a wani gida da ke kan titin da yanzu a ke kira da sunansa. Uwarsa ta nemi fansho irin na matan janar, ba ta samu ba, daga baya aka ba ta izinin sayar da taba, da shi ta rene shi. Karatunsa na makaranta kaɗan ne. Wani limamin coci na garin ya koya masa abin da ya sawwaƙa, sauran iliminsa kuwa a kurmin Retz ya same shi, wajen bin maharba da sauraron labarunsu, da kuma wajen uwarsa da tsofaffin sojoji masu ba shi labarin jaruntakar ubansa. Da ya tasa aka sa shi aikin magatakarda wurin wani mai rubuta takardun ciniki da na gādo, watau irin takardun nan da dokar 1539 ta ce a rubuta da Faransanci.

Abin da ya fitar da shi daga garin kyawun rubutun hannu ne. Cikin 1823 ya tafi Faris, wani janar da ya san darajar ubansa ya yi masa hanya, aka ɗauke shi akawu a ofishin basaraken Orleans, wanda ya zama sarkin Faransa cikin 1830. Da rana yana kwafe wasiƙu, da dare yana karatu yana rubuta wasan kwaikwayo. Cikin 1829 aka nuna wasansa a kan Sarki Henri na Uku da fadarsa, ya yi suna dare ɗaya.

Amma abin da ya kai shi ko'ina shi ne labarun da jaridu ke bugawa kashi kashi, kowace fitowa a tsaya daidai inda mai karatu ba zai iya haƙuri ba. Cikin 1844 ya fitar da Les Trois Mousquetaires, labarin waɗansu barade uku na sarki da wani saurayi baƙauye da ya zama na huɗunsu. Daga 1844 zuwa 1846 ya fitar da Le Comte de Monte-Cristo, labarin wani matuƙin jirgin ruwa da aka ƙulla wa sharri, ya yi shekara 14 a kurkuku cikin tsibiri, ya tsere, ya sami dukiya, ya komo ya bi maƙiyansa ɗaya ɗaya. Masana da yawa suna ganin inuwar ubansa a cikin wannan labari. Yana da abokin aiki, Auguste Maquet, wanda ke tono tarihi yana tsara ƙashin labari, shi kuwa Dumas ya sa masa nama da rai. Mutanen da ba su taɓa buɗe littafin shari'a ba suka riƙa sayen jarida don su ji yadda ta ƙare, wanda bai iya karatu ba ya zauna kusa da wanda ya iya. An fassara littattafan nan cikin harsuna masu yawa, an kuma mai da su sinima sau da dama.

Duk da wannan suna, bai tsira daga gori ba. Masu hassada sun yi ta zagin launinsa da gashinsa a jaridu da zane-zane. Cikin 1843 ya rubuta wani littafi mai suna Georges a kan wulakancin da a ke yi wa mai jinin baƙar fata a tsibirin Moris. Ya sami kuɗi masu yawa, ya kashe fiye da abin da ya samu, gama hannunsa a buɗe ya ke. Ya rasu ran 5 ga Disamba 1870 a gidan ɗansa kusa da Dieppe, lokacin sojan Jamus suna cikin ƙasar. Cikin 1872 ɗan nan nasa, wanda shi ma Alexandre ne, shi ma kuma shahararren marubuci, ya kawo gawarsa Villers-Cotterêts, aka binne shi kusa da iyayensa.

Nan ya kwanta shekara 130. Cikin 2002 gwamnati ta yanke shawarar a kai shi Panthéon, ginin da ke Faris inda a ke ajiye manyan mutanen ƙasar. Mutanen garin da yawa ba su so ba, suka ce shi da kansa ya so ya kwanta a garinsu, amma ba su rinjaya ba. Ran 30 ga Nuwamba 2002 sojoji huɗu sanye da tufafin baraden littafinsa suka ɗauki akwatin, Shugaba Jacques Chirac kuma ya yi jawabi, ya amsa a bainar jama'a cewa Faransa ba ta yi wa mutumin nan adalci ba saboda launinsa. Kabarin janar da na matarsa suna nan a maƙabartar garin, akwai kuma gidan tarihi da aka keɓe wa Dumas ɗin nan uku, kaka da ɗa da jika.

Abin da ya Sami Gidan Sarki

Shi kuwa gidan sarki, duniya ta yi masa juyin waina. Cikin 1661 ya koma hannun ƙanen Sarki Luwi na Goma Sha Huɗu, zuriyarsa ta riƙe shi har juyin mulki, sa'an nan gwamnati ta ƙwace. Cikin 1808 Napoliyon ya mai da shi wurin tsare mabaratan da a ke kwasowa daga titunan Faris, rabi kurkuku rabi asibiti. Cikin 1889 ya zama gidan tsofaffi da gajiyayyu, haka ya zauna har 2014, sa'ad da aka kwashe na ƙarshensu aka rufe ƙofa, ruwa yana zuba ta rufi.

Kurmin ma ya ga nasa rabon. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, ran 1 ga Satumba 1914, sojan Ingila sun gwabza da na Jamus a cikinsa. Ran 18 ga Yuli 1918 kuma Janar Mangin, wanda ya ɓoye rundunarsa a ƙarƙashin itatuwan, ya fito da asuba ya auka wa Jamusawa, tare da sojan Amurka da rundunar Maroko da sojojin Afirka ta Yamma. Daga wannan rana Jamus ba ta sāke matsawa gaba ba har yaƙin ya ƙare a watan Nuwamba.

Cikin 2020 aka soma gyaran gidan, aka kashe fiye da Yuro miliyan 200. Ran 30 ga Oktoba 2023 Shugaba Emmanuel Macron ya buɗe shi a matsayin cibiyar harshen Faransanci ta duniya, inda baƙo zai bi ɗaki ɗaki ya ga asalin harshen, da yadda ya yaɗu, da kalmomin da ya aro daga waɗansu harsuna.

Daga Yamai zuwa Villers-Cotterêts

A nan ne labarin garin ya taɓo ƙasar Hausa. Sa'ad da Faransawa suka kafa mulkinsu a Nijar, da harshen nan suka zo, shi ne na ofis da kotu da makaranta, alamar kunyar nan da aka rataya wa yaran Bireton ita aka rataya wa yaran Hausawa da Zabarmawa. Bayan samun mulkin kai cikin 1960 Faransanci ya ci gaba da zama harshen gwamnati. A Yamai ne kuma, ran 20 ga Maris 1970, ƙasashe 21 suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta zama tushen ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Shugaba Diori Hamani yana cikin waɗanda suka tsaya a kan kafa ta. Ran 4 ga Oktoba 2024 shugabannin ƙungiyar nan suka buɗe taronsu a gidan Sarki Faransuwa, ban da Nijar, gama an dakatar da ita bayan juyin mulkin 2023. Cikin 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar, ta kuma sa a cikin sabuwar takardar tsarin mulkinta cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki.

Abin Lura

Duk ƙasar da ta ɗauki irin wannan mataki, tarihin ƙaramin garin nan yana da abin da zai gaya mata. Hujjar dokar 1539 mai kyau ce: wanda za a yanke wa hukunci ya kamata ya fahimci abin da aka rubuta a kansa. Amma sa hannu aikin yini ɗaya ne, Faransa kuwa ta yi fiye da shekara 300 kafin harshen takarda ya zama harshen kowa. A tsakanin nan sai da aka sami malamai, da maɗaba'a, da jarida mai araha, da marubuta irin Dumas masu rubuta abin da mutane za su sayi da kuɗinsu don daɗinsa. Sa'an nan akwai gargaɗi, gama inda harshe ɗaya ya hau, masu shi sai su kula kada su yi wa harsunan maƙwabtansu abin da aka yi wa nasu. Iyaye da malamai da magatakardan kotu da masu rubutu, kowa da nasa kason cikin aikin nan, ba kuwa wanda ya san ɗan gidan wa zai fi ɗaukar kaya. A Villers-Cotterêts maraya ne, ɗan mai sayar da taba.

Nan jawabin ya ƙare. Allah ya amfana abin da aka ji, amin.